Barewar Kawu Mai Hatimi

Kawu, ƙanen Inna, ya shekara yana cika mana baki a gidanmu na Aubervilliers a Faransa, wai shi maharbin barewa ne a Damagaram. Ina 'yar lekol, wato makarantar boko, ba na magana, kallo kawai nake. Da kaka wani Bature abokin aikinsa ya gayyace shi farauta a dajin Lyon. Ya ɗauka kakar nan busasshiya ce irin ta gida, ya tafi da farar shadda da takalmin fata, alhali kwana biyar ana ruwa.

Ya dawo da taɓo har gwiwa, riƙe da cinyar nama a leda.

"Yaya, barewa ce, harbi ɗaya na yi mata," ya ce wa Inna.

Ni aka ba wankin naman. A jikinsa na ga hatimin mahauta, irin na ragon da muke saye a Belleville. Na juyo wajen hatimin sama, na ajiye gaban Inna.

Ta duba, ta dube shi.

"Sannu, maharbi. Ashe barewar Faransa da takardunta take yawo."

Tun ranar ban ƙara jin barewa a bakinsa ba.