Yaya, Laimarta da Gamon Jarumai

Matata mai zane ce, ni kuma ni ne mugun da ke cikin duk littattafanta. Tun yaranmu na rarrafe take zana wa wani kamfani labarin wata jaruma da ake kira Mai Laima, littafi guda duk wata. Duk ɓarawo, duk azzalumi, duk dodon da jarumar nan ta taɓa kwaɗa wa laima a ka, hancina ne a fuskarsa. Ni da nake gyaran fanka da firji, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba! Amma in na shiga gidan mutane da jakar aiki, sai yara su ruga su ɓuya bayan uwarsu.

Dalili kuwa, baiwar Allahn nan ba ta iya zane da ka. In abu yana gabanta, za ta sauke maka shi a takarda har ka ji kamar ka gaishe shi. In ba ya gabanta, to Allah ya kiyaye. Ta taɓa zana doki da ka, mutane suka yi ta tambaya wane irin tebur ne wannan. Shi ya sa falonmu ya koma wurin aiki. Teburinta na jikin taga, fensira cike da tsohon kofin shayi, mu kuma muna tsakar ɗaki a sandare, wani riƙe da tsintsiya a matsayin takobi, wani da tukunya a ka.

Ita Mai Laima kuwa yayar matata ce, wadda duk muke kira Yaya. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mai faɗin kafaɗa, mai wushirya, mai muryar da in ta ce "kwanta" har ɗan rakiyar mara lafiya yakan nemi gado. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse garuruwa, ba abin da ke fito da ita daga gida sai Talata, ranar zane. Takan yi kwalliya, ta goge baƙar laimarta da tsumma, ta iso muna tsakiyar karin kumallo.

"Mugu, an tashi lafiya?" take ce mini. "Ajiye kofin nan ka zo ka faɗi."

Sai in ajiye in je in faɗi. Yayar matarka ce, me za ka ce?

To da yake matata abin da ta gani take zanawa, duk abin da ya sami Yaya sai ya sami jaruma. Yaya ta yi jiki, Mai Laima ta yi jiki. Likita ya ba Yaya tabarau, a littafin watan sai ga Mai Laima tana leƙen ɓarayi ta saman gilashi. Da gwiwar Yaya ta fara ciwo, tsayuwa ta gagara, sai jaruma ta koma yin faɗa daga kan kujera. Masu karatu kamar su cinye littafin don so. Wai ba su taɓa ganin jaruma mai ji da kanta haka ba, wadda ko tashi ba ta yi wa mugu. Ba su san ni nake rusunawa in kai mata kaina har inda laima take ba.

Ana nan, kamfani ya yi sabon edita, wani mai magana da hannu bibbiyu kamar yana korar ƙuda. Kamfanin nan yana da jarumai da dama, kowa da littafinsa, kowa da mai zanensa, ba ruwan wani da wani. Sai edita ya zo da abin da ya kira Gamon Jarumai. Wai za a zuba su duka cikin labari ɗaya: sama za ta tsage, wani dodo mai suna Hannu-Dubu ya sauko, jarumai su taru a kansa. Labarin zai fara a littafin wannan, ya tsallaka na wancan, ya ɓulla a na waccan. Wanda bai karanta duka ba, sai dai ya tambayi maƙwabci.

A lokacin Mai Laima ta daɗe tana bin sawun wani mai sace kawunan famfon unguwa, wato ni. Har ta ritsa ni a lungu, ta ɗaga laima. Kana buɗe shafi na gaba sai ka ga sama ta tsage, wasu ƙarti da ba ka san su ba suna ta shawagi. Masu karatu suka yi ta tambaya ina ɓarawon famfo. Har yau ba a kama ni ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tashin hankalin shi ne yanzu sauran masu zane su ma suna zana Mai Laima a nasu littattafan. Ran nan Yaya ta zo, ta gyara tabarau, ta buɗe na farko. An yi wa jaruma ƙugu kamar na zanzaro, an ɗora ta a kan takalmi mai tsini.

"Wannan wace ce?"

"Ke ce, Yaya," in ji matata, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni? To ina sauran jikina? Wa ya tafi da shi?"

Ta buɗe na biyu. Wannan ya cire mata tabarau, ya toshe wushirya, laima kuma tana aman wuta. Na uku bai ma gane laima ba ce, ya ba ta mashi. A littafi guda tana tsalle daga kan bene, a na gaba, wanda matata ta zana, tana zaune tana murza gwiwa. Yaya ta ja tsaki ta ce dole ta murza, wa ya aike ta tsalle.

Ita ma matata ba ta tsira ba, don dole ta zana jaruman mutane, kuma dole sai ta ga mutum a gabanta. Akwai wani Bijimi, wanda ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofa. Babu mai irin wannan ƙirji a layinmu, sai ta kira tela maƙwabcinmu, mutumin da in iska ta taso yakan riƙe ƙyaure. Ta cusa masa filo biyu cikin riga. Bijimi ya fito da ƙirji murabba'i, da siririn wuya, da tef ɗin awo rataye a kafaɗa, don tela ya ƙi ajiyewa. Mai zanen Bijimi ya bugo waya yana ihu har sai da na rage wa rediyo murya don in ji da kyau.

Akwai kuma Ɗan Hayaƙi, wanda jikinsa duk hayaƙi ne. Matar nan ta tara kwalaye cikin tukunya ta cinna musu wuta a tsakar falo, ta zauna tana zane tana tari. Maƙwabta suka shigo da bokitai. Ni da ke kwance a ƙasa ina aikin gawa, ni aka fara sheƙa wa ruwan.

Hannu-Dubu kuwa, ai kun san wa aka sa. Na tsaya a gaba, mutanen layi suka jeru a bayana kowa ya miƙo hannu ta gefena. Haka aka buga shi: dodon da ya tsaga sama, hannu ɗaya riƙe da almakashi, ɗaya da ludayi, ɗaya yana danna waya.

Mun sha dariya, ba ƙarya. Sai ranar da matata ta dawo daga kamfani ta zauna ko mayafi ba ta cire ba.

"Baban yara," ta ce, "za su karɓe mini Mai Laima."

Ashe edita ya tsara ƙarshen Gamon tun farko. Mai Laima za ta shiga cikin wani haske don ta rufe tsagar sama, ta fito ta ɗaya gefen yarinya ɗanya shakaf, ba tabarau, ba kujera. Wani matashi zai ci gaba da zana ta. Matata za a ba ta littafin dabbobi na yara. Shafin ƙarshe kawai aka bar mata, inda tsohuwar ke shiga haske ta ba mu baya.

Ta ce ta roƙe shi. Ya ce, "Anti, ki duba littattafan nan. Kowa siririya yake zana ta, ke kaɗai kike zana ta zaune. Mutane sun rikice, dole a tsayar da guda." Ta ce masa ai ita ce ta asali. Ya ce ya sani, ya kuma ba ta haƙuri har da rako ta bakin ƙofa. Haƙurin nan ya fi komai ƙona mata rai.

Ba aikin ne ya dame ta ba, dabbobi ai ko kyanwar tela ta ishe ta. Talatar Yaya ce. Ni kaina raina ya ɓaci, duk da cewa ni ke shan laimar. Mace ta goge laima ta yi kwalliya, ka ce mata daga yau ta zauna a gida ta kalli bango?

Da Talata ta zo matata ta yi ta kewaye-kewaye, ta kawo shayi, ta kawo zancen gwiwa. Yaya ta dube ta ta saman tabarau.

"Ke, na yi aikin asibiti. Na san fuskar mai shirin faɗin mummunan labari. Faɗi."

Ta faɗa. Yaya ta juya laima a cinya. Can ta ce, "To. Yaya ake shiga hasken?"

"Da baya za a gan ki. Zan zana ki a kujera, Baban yara ya tura ki."

"Ya tura wa? Ni kayan shago ce? Da ƙafata na shigo littafin nan, da ƙafata zan fita. Mugu, zo ka ɗaga ni."

Na ɗaga ta. Wallahi na ji gwiwar nan ta yi ƙara, amma haka Yaya ta miƙe tsaye. Ta juya wa teburin baya, ta buɗe laima, ta ɗaga ta sama. Sai matata ta ce ai ba haske, kuma ita ba ta iya zana haske da ka. Aka miƙo mini tocilar da nake leƙa bayan firji da ita, aka ce in tsaya gaban Yaya in haska. Karon farko ke nan a rayuwata da aka ba ni aikin da ba na mugu ba.

Daga inda nake tsaye ina ganin su duka biyu. Matata na can bayan teburi, fensir na tafiya, hawaye na zuba, tana sharewa da gefen hannu don kar ya ɗiga a takarda. Tana cije leɓe kar Yaya ta ji. Ita kuma Yaya, da ba wanda ke ganin fuskarta sai ni, gumi ya jiƙe mata goshi, hawaye na bin ƙasan tabarau. Ban taɓa ganin matar nan tana kuka ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta. Tausayinta ya kama ni har tocila ta fara karkata.

"Riƙe da kyau," ta ce mini a hankali. "Kuma in ka yi magana sai na fasa maka kai da gaske."

Daga baya matata ta gyara murya, ta ce, "Yaya, kin gaji? Ki zauna ki huta, in ya so mu ƙarasa anjima."

"Ban gaji ba," in ji Yaya, da muryar nan tata ta asibiti, ba ta juyo ba. "Ke dai zana. Kuma kafaɗun nan ki yi su yadda suke, kar ki rage mini ko kaɗan."