Ina-Zuwa Ya Zauna

Jikana na fari, wanda nake kira mijina don in ƙular da kakansa, tun yana rarrafe bai taɓa ɗumama tabarma ba. A kira shi, "Ina zuwa." A aike shi, "Ina zuwa." Har abin ya zame masa suna. Yanzu ga gemu, ga mata, ga 'ya, amma Ina-Zuwa muke ce masa. A yi masa adalci, yana zuwan. Zaman ne babu.

Da ya girma sai Allah ya haɗa shi da aiki mai irin halinsa. Manhaja yake rubuta wa wani kamfanin aika saƙonni. Na taɓa zuwa ofishin, ɗaki mai sanyin tsiya, ƙarti sun jeru shiru kamar masu zaman makoki, kowa ya ƙura wa kwamfuta ido. Na ce ya gaya min me yake tsinanawa da har aka ba shi kujera mai juyawa.

"Amarya," in ji shi, "wayoyi dubbai ne ke ƙwanƙwasa ƙofar na'ura ɗaya, mai hidima kuma ɗaya ne tal a ciki. In ya tsaya kan mutum guda yana jiran amsa, sauran sai su bushe a layi. To ni nake koya masa zagaye. Ya miƙa tambaya, ya wuce gaba. Amsar da ta iso a ajiye masa, in ya zagayo ya ɗauka. Babban laifi a wurinmu shi ne tsayawa jira."

Na ce, "Wato halinka ka ɗura wa ƙarfe, su kuma suna tafa maka."

Akwai ranar da wani sabon ma'aikaci ya saka musu layin rubutu ɗaya mai sa na'urar jira, komai ya tsaya cik. Har yau in Ina-Zuwa yana ba da labarin sai ya dafe kai, ka ce gobara aka yi.

Bara ɓarin jikin maigidana, kakan nasa, ya shanye. Tela ne, mutumin da a da kekensa kan gaji bakinsa bai gaji ba. Yanzu kalma ɗaya sai ya yi ta jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Likita ta ce maganar za ta iya dawowa muddin yana gwadawa, in ya fid da rai kuwa shi ke nan. Ni ba na amfana masa komai a nan, don kafin ya motsa leɓe na riga na ƙarasa masa, sai ya gyaɗa kai kawai. Da Ina-Zuwa yake son yin magana, abokin faɗansa tun yana cikin zani.

Shi kuwa kullum yana hanya. Zai shigo da magani, ya duƙa a bakin gado: "Tsoho, me kake so? Yi tunani, ina zuwa." Ya fita ya gyara famfo, ya amsa wayar ofis, ya ɗaura min labule, ya leƙo: "An samu?" Tsoho ya dube shi. "To, ina zuwa." A ganinsa kirki yake yi, bai takura wa kowa ba, bai bar aikin kowa ba. Sannu a hankali tsoho ya koma kwanciya yana fuskantar bango.

Wata Asabar da hantsi dabara ta zo wa Ina-Zuwa irin ta ofishinsu. Ya ce matsalar ita ce babu inda ake ajiye amsar. Ya kunna ɗaukar murya a wayarsa, ya ajiye kusa da matashi, ya ce, "Ka faɗa wa wannan, in na zagayo in ɗauka." Ya fice yana jin kansa gwani.

Da ya dawo muka zauna a falo ya kunna. Ƙarar fanka. Numfashi. Gado ya yi ƙara. Shiru mai tsawo, har ya kai yatsa zai tura gaba, sai muka ji muryar, a shaƙe, tana ta tuntuɓe:

"Za... zau... na."

Bayan haka sai ƙarar fanka kawai.

 Ina-Zuwa ya kashe wayar gaba ɗaya, ya miƙo min. Ya ɗauki kujerar ɗinkin kakansa ya kai bakin gado ya zauna. Ƙafarsa sai rawa take, ina gani daga ƙofa, ya sa hannu ya danne ta. Shayin da na kai musu ya huce. Famfon da ya gyara ya koma ɗiga, bai ko waiwaya ba.

Can tsoho ya juyo daga bango. Ya daɗe yana kallonsa, ya kama hannun rigarsa da hannun mai lafiya, ya fara jawo maganar. Na cije leɓena don kar in ƙarasa.

"Ka... bar... min... matata."

Ina-Zuwa ya yi dariya har da hawaye. "Ban bari ba, tsoho. Sai ka tashi ka ƙwace."

Tsoho ya sake buɗe baki, da alama zagi ne ke tafe, kuma zai daɗe a hanya. Mijin nawa ya gyara zama.