Kafaɗar da Baba Yake Dafawa

Baba a gandun bishiyoyin turare ya ƙare ƙuruciyarsa, shi ne mai shafa fenti a jikin wadda za a sare. A wurin mutane turare turare ne, amma shi cewa yake 'yan gida ɗaya ne, kowa da halinsa. Akwai mai santsin jiki da ganyenta ke ƙamshin lemun tsami, akwai mai saɓa ɓawo falle-falle, ga kuma mai kaushi da ba ta tuɓe riga har ta mutu. Dokarsa ita ce kafin ka ɗaga kai ka duba ƙasa, don 'ya'yan da suka zubo ba sa ƙarya.

Ni babban ɗansa na haddace duk wannan, da ranƙwashi da komai. Yau ma gwangwanin fentin a hannuna yake.

Da yanar ido ta makantar da shi bai daina zuwa gandun ba, sai dai kullum da safe yana neman kafaɗar da zai dafa. To wa ya zaɓa? Mijin ƙanwata, tela! Mutumin da ba ya raba turare da mangwaro sai ya ga 'ya'ya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina aiki ina jiyo su. Baba ya shafa gindin bishiya, ya murza ganye ya miƙa masa.

"Shinshina. Wace ce wannan?"

"Baba, ko mai saɓar nan ce?"

"Kai, tela! Hancin naka ado ne?" Sai dariya, har da tari. Ni tunda nake, ban taɓa kuskure Baba ya yi mini dariya ba. Wallahi abin yana cina. Na ce da matata surukin nan neman suna yake, ta ce in ji tsoron Allah, mutum ya rufe shago saboda ubana. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don gaskiya ta faɗa.

Wata rana ɗinki ya riƙe tela, na yi wuf na miƙa kafaɗa. Muka shiga gandun. Baba ya taɓa wannan, ya taɓa waccan, bai tambaye ni komai ba. Muna tafe kamar masu dawowa daga ta'aziyya. Da abin ya ishe ni, na tsinko ganyen mai lemun tsami na murza, ƙamshin ya cika wurin.

"Baba, wannan mai kaushi ce ko?"

Ya tsaya cak. Na rufe ido ina jira, ko zagi ne ya zo, ina so.

Sai ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata a hankali.

"Makancewa na yi, ban zama yaro ba," ya ce. "Kai ka sani, ni na sani. Kada ka ƙara."

"To me ya sa shi kake koya masa?"

"Shi yana da abin da zan ba shi. Kai na ba ka duka, me ya rage mini?"

Ya laluba ya jingina da bishiyar, ya juya fuskarsa wajen hanya.

"Je ka aikinka. In ka bi ta shagon, ka ce masa ina nan ina jira."