Tabaryar Iya da Murfin Sokawe

Iya, kakata ta wajen uwa, ba ta fara tatsuniya sai ta gama zagaya gida. A Wushishi muke lokacin. Da an yi magariba an kwashe tuwo, mu yara sai mu kewaye murhu, ita kuwa ta ɗauki tsohuwar tabarya ta bi gindin katanga tana ƙwanƙwasawa. Ta ɗaga ta ta zunguri azarar ɗaki, ta wuce bayan gida ta bugi daɓen salga sau biyu, ta tsaya tana kasa kunne. Muna zaune muna jin ƙwas, ƙwas, yana nisa yana dawowa.

"Iya, wutar za ta mutu fa!"

"Ta mutu mana. Takwara, ke da ko tsintsiya ba ki iya riƙewa ba, ke za ki koya mini sauri?"

Sunanta aka sa mini, shi ya sa ta fi tsokanata. Na lura da abu ɗaya: ranar da ta dawo fuskarta a sake, labarin dariya za mu sha. Ranar da tabarya ta gaya mata abin da ba ta so, to tatsuniya ɗaya ce, wadda har yau ba na son tunawa in ina ni kaɗai.

Wai wani mutum ya gina gida mai kyau, har matafiya na tsayawa kallo. Wata safiya ya ga tsaga a bango, siririya kamar silin gashi. Ya kara kunne, sai ya ji murya ƙasa-ƙasa: "Maigida, ƙafata na ciwo." Ya waiga ko wani ya ji. Babu kowa. Ya kwaɓa laka ya shafe wurin. Da damina ta zagayo wata tsagar ta buɗe a bayan ƙofa, da maganar nan dai, ya sake shafewa. Haka ya yi ta yi, har gidan ya zama sumul, ba inda allura za ta shiga. Rannan ya tara mutane walima, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zaunar da 'yarsa tilo a kai don kowa ya gan ta.

A nan Iya kan rage murya, ta tura itace cikin wuta, ta bar mu muna jira.

"Gidan ya nemi bakin da zai yi magana, ya tarar duk an toshe. Sai ya buɗe ta ƙasa."

Ba tabarma, ba yarinya. Mutumin ya durƙusa yana tono da hannu. Da ya kara kunnensa a ƙasa, muryar 'yarsa ya ji, can ciki: "Baba, ƙafata na ciwo."

Iya ba ta rufe wannan da wasa kamar sauran. Cewa take, "Ta ƙare. Ku tashi, ku taka a hankali." Ni kuwa da ɗage nake tafiya har ɗaki, ina bin jikin bango. Sau nawa na jiƙa tabarma don kar in taka daɓen salga.

Da na girma na ɗauka dabarar tsofaffi ce ta tsorata yara. Iya ta rasu, na yi aure, muka zo Maitumbi. Mijina, Baban Ummi, keke yake ja, ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya sayi wani tsohon gida mai ɗaki biyu. Kafin mu tare ya duba kwano, ya canja makullai, ya kira mai gyaran wuta, ya sa fenti. Ba wanda ya yi zancen sokawe, ramin nan da ƙazantar bayan gida ke taruwa a ciki. Murfinsa na kankare yana bayan kicin, a inuwar mangwaro, shimfiɗe kamar dandamali. Nan Ummi, 'yata mai shekara uku, ta mayar wurin wasanta. Kullum tana kai tana dafa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma idona ba ya wuce abu. Ina da tsohon ciki na ga tsaga a murfin. Bayan kwana kaɗan wani jan ruwa kamar tsatsa ya fito a bakinta. In na zubar da ruwan wanki, a da gangarewa yake, yanzu sai ya taru a tsakiya ya ɓace. Na gaya wa Baban Ummi.

"Kin fara ko? Shekaranjiya tukunyar gas, jiya wayar fanka. Maman Ummi, kankare ne fa, da rodi a ciki. Mota ma za ta hau."

Na haihu lafiya, namiji. Saura kwana biyu suna, ya samo ragowar siminti ya shafe tsagar da kansa, ya goge da soso har tana sheƙi.

"To ga shi nan, hankalinki ya kwanta? Nan ma za a shimfiɗa wa mata tabarma, ya fi inuwa."

Da na ji kalmar tabarma sai tatsuniyar Iya ta faɗo mini. Ranar ko kunun kanwa ban iya sha ba. Kowa ya ce zafin jego ne.

Washegari maƙwabciyata Maman Grace, 'yar Kafanchan, ta shigo taya ni dakan yaji. Ummi na kan murfin da gwangwanayenta. Na je na janye ta tana ihu tana shure-shure, na ce, "Maman Grace, don Allah ɗan buga mini tabaryar nan a kan simintin. An hana ni ɗaga abu mai nauyi."

"Kai, Maman Ummi, wannan tsoro naka ya yi yawa. Maigida ya gyara jiya, kina so ya ce ni na ɓata?"

"Na ɗauki laifin. Buga kawai."

Tana dariya ta buga a gefe. Ƙwas. Ta matsa ta miƙa hannu ta buga a tsakiya, sai ya amsa kamar ganga. Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, na gyaɗa kai, ta sake bugawa. Tabaryar ta suɓuce daga hannunta ta wuce ciki gaba ɗaya. Sai da muka ɗan jira kafin mu ji faɗuwarta a ruwa. Wari ya taso. Bakin ramin ya ci gaba da marmashewa, gwangwani ɗaya ya gangara ya bi ta.

"Yesu!" in ji Maman Grace, ta zauna daɓas a ƙasa.

Ummi ta miƙa hannu tana kuka: "Mama, tukunyata!" Na ƙanƙame ta har ta ce ina ji mata ciwo.

Baban Ummi ya dawo ya leƙa ramin. Ya ɗauki Ummi ya zauna da ita a bakin ƙofa, ya daɗe. Maginin da ya zo daga baya ya ɓallo rodin da yatsu biyu ya nuna mana. Tsatsa ta cinye shi ya koma kamar tsinken tsintsiya. A ƙofar gida aka yi suna.

Ina yarinya, gidan da ke magana nake tsoro. Yanzu in na tuna tatsuniyar, mutumin nake gani, lokacin da ya waiga ko wani ya ji. Ba mugu ba ne. Yana son 'yarsa, yana son a ce gidansa ya yi kyau, kamar mijina, kamar ni da na yi wata guda ina ganin tsagar ina barin yarinya a kai don kar a ce na cika tsoro.

Na sayi sabuwar tabarya. Da an yi magariba nakan zagaya gida, Baban Ummi na biye da tocila, ya daina tsokanata. Ummi na yawan roƙona tatsuniya, ina yi mata, ban da wannan. Makon jiya ta shigo daga wasa tana ɗingishi, ta ce, "Mama, ƙafata na ciwo." Ƙaya ce kawai ta taka. Amma kafin in dubi ƙafar, ƙasar da take tsaye a kai na fara dubawa.