Gaskit Mai Kauri

Mahaifina yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa wadda ta girme ni. Ta yi shekaru a tsakar gidanmu a unguwar Kilomita Biyar, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da ƙafarsa ta fara ciwo, hawa babur ya gagare shi, sai ya ce a tayar masa da ita, yana so ya riƙa zuwa masallacin Juma'a a cikin motarsa.

Ni ne babban ɗansa, kuma kayan mota nake sayarwa. Na ɗauka ni za a tambaya. Amma a lokacin mijin ƙanwata bai daɗe da zuwa daga Nijar ba, bakanike ne, ba ya ko jin Sango, yaren da ake yi a garinmu. Shi Baba ya kira.

Ya sauke injin a kan buhuna, ya wanke komai da kananzir. Ranar da za a mayar da kan injin, na kawo gaskit sabo ful daga shagona, wato faifan da ake shimfiɗawa tsakanin kan injin da silinda don kada ruwa ya haɗu da mai. Na ajiye shi a gaban Baba, ba a gaban surukina ba.

Surukin nawa ya ɗauka, ya murza gefensa da yatsa.

"Yaya, mai kyau ne," ya ce, "amma ya yi siriri. Kan injin nan an taɓa goge shi har kaurinsa ya ragu, ina jin har sau biyu. Sai mai kauri, mai bakin tagulla."

"Lambarsa ke nan," na ce. "Shekara nawa ina sayar da shi?"

"Lambar ta motar da ba a taɓa buɗewa ba ce."

Baba ya yi dariya har da tafa hannu. "Sau biyu kuwa! Yaro, yaya aka yi ka sani? Ba a haife ka ba lokacin."

Ban taɓa jin ya yi mini irin wannan dariyar ba.

Da surukina ya ce kuma yana bukatar robobin da ke tare mai, masu jure zafi, na ce babu su a wurina. Akwai su. Suna cikin aljihun tebur na biyu, na san ko da idona a rufe. Ya hau babur ya zaga kasuwar Kokoro, ya shiga unguwar Yakite, yana nuna tsohuwar robar da hannu saboda ba ya iya bayani. Sai bayan la'asar ya dawo, ƙura har gashin ido, da gaskit mai kaurin da robobin a leda. Ya ce, "Yaya, duba mini, kai ka san na jabu." Na duba. Na gaske ne. Na so in ce ba su ba ne, bakina ya ƙi.

Ya ɗaure notocin kan injin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana zagayawa. Ni kuwa ina tsaye ina fatan abu ɗaya, Allah ya yafe mini: in ga farin hayaƙi ya fito ta salansa, ko ruwan lagireto ya yi kumfa.

A murɗawa ta uku ta tashi. Muka bar ta tana aiki har ta yi zafi. Na zaro sandar awon mai da kaina, na duba. Mai tas, ko ɗigon ruwa babu.

Ranar Juma'a Baba ya miƙo mini makulli, ya ce babba shi ke tuƙi. Na ji daɗi har muka fita daga layinmu. Daga nan ya juya baya inda surukina yake zaune, bai sake juyowa ba har masallaci. Yana ba shi labarin yadda ya sayo motar, da ranar da ta maƙale a laka da mahaifiyarmu a ciki. Ni ban taɓa jin labarin nan ba.

Har yanzu ni nake kai shi masallaci. Amma ko tari motar ta yi a hanya, sai ya dafa gwiwata ya ce, "In mun koma, kira mini mijin ƙanwarka."