Ƙofar hagu

Shekarar da aka rufe masana'antar haɗa motoci a ƙetaren iyaka, mu uku muka dawo Madarumfa da katifunmu a ka. Gidaje sun ji jiki, don da aikenmu tukunyarsu take tafasa. Amma gari ya ce ai an samu gwanayen mota.

Kwana biyu sai ga wani dillalin kifi ya sa an turo akwalar motarsa har ƙofar gidana.

"Malam, a taimaka a tada ta."

Na ce, "Alhaji, shekara goma sha biyu ƙofar hagu kaɗai nake ɗaurawa. Abokina kujeru ya sani, na ukunmu fenti. Inji kuwa wucewa yake ta gabanmu, ko gaisawa ba mu yi."

Aka yi ta dariya, ni kuwa haushi ya cika ni. Duk da haka muka taru a kanta. Ta sha fenti, kujeru suka yi laushi, ƙofa tana rufuwa ruf. Jakuna biyu suka ja ta zuwa Maradi.

Daga nan muka koma ƙera amalanke, kuma muka ci abinci. Har yau in ka ga amalanken jaki mai ƙofa a hanyar Safo, duba da kyau: a hagu take.