Idon Ruwan da Ya Ɓullo a Lambuna

Garinmu na kan hanyar Matankari, a bakin fadama. Akwai madatsa ta jar ƙasa da ke tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya taru ya zama tabki, don kada ya shiga lambuna da gidajen gangare. Nawa lambun ne na farko a bayanta.

Wata damina, da hantsi, na tarar da ruwa na ɓuɓɓugowa a gindin zogalena kamar tukunya ta fara tafasa. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Daɗi na ji, na ce Allah ya kawo mini idon ruwa har gida. Matata ma ta yi kwana biyu tana wanke kwanoni a wurin.

A rana ta uku kawuna ya biyo. Ƙanin mahaifiyata ne, ya tsufa a haƙar rijiya har bayansa ya lanƙwashe. Ya tsuguna, ya ɗebi ruwan a kofin shayina, ya ajiye a kan dutse. Da ruwan ya kwanta, sai ya nuna mini yashi a gindin kofin.

"Ɗana, wanga yashi daga ina ya hito?"

"Daga ƙasa mana, Kawu."

"Daga ƙarƙashin madatsa. Ruwan tabki na bi ta ƙasa yana jan shi kaɗan-kaɗan. In ruwan garau yake, da sauƙi. In ya zo da yashi, rami yake ginawa, yana ci da baya har ya iske tabki."

Na ce bari in toshe da laka da duwatsu. Ya hana, ya ce in na toshe, wani wuri zai fasa. Ya sa na kewaye idon da buhunan yashi, ruwan ya taru a ciki ya hau, ƙarfinsa ya ragu. Da la'asar ruwan ya washe. Bayan mako guda wani ido ya ɓullo a lambun maƙwabcina.

Haka na yi damina huɗu. Kullum bayan asuba in bi gindin madatsa da kofi, in ɗiba, in jira, in duba. Buhuna su ruɓe a rana, in ɗinka wasu. In kewaye ido nan, gobe in tarar da wani can. An taɓa aiko mana wani injiniya daga Dogon Dutsi. Ya zaga, ya faɗi da Faransanci abin da Kawu ya faɗa da Hausa: a kan yashi aka ɗora madatsar, sai an haƙa da zurfi an cika da yumɓu. Aikin ya fi ƙarfin hannunmu, shi ma ya sani.

Mutanen gari kuwa saman madatsar suke kallo. Kowane rani a kira gayya, mu yi ta jidar ƙasa da kwanoni da amalanke muna ƙara mata tsawo. Na faɗa musu matsalar a ƙasa take, na sake faɗa, har aka fara kauce mini a bakin masallaci. Daga baya na yi shiru, na ci gaba da jida tare da su.

A damina ta huɗu, bayan azahar, rana na tsaye, na ga hanyar amalanke da ke kan madatsa ta lotsa a tsakiya. Ruwan tabki ko kusa da saman bai zo ba. Na yi ihu, mata suka kwashe yara da awaki zuwa tudu. Kafin la'asar tsakiyar ta zauna, ruwa ya wuce ta cikin lambuna ya bar mana yashi har gwiwa.

Lokacin Kawu na kwance ba lafiya. Na je na gaya masa.

"Mutane fa?"

"Kowa ya fita, Kawu."

Ya ce alhamdulillahi, ya juya fuskarsa bango.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma da na koma gida sauƙi na ji. Na kwanta a zaure da laka a ƙafafuna, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Da rani ya shigo aka kira gayya a cike gurbin, a kan yashin nan dai. Matata ta tambaye ni ko zan je. Na ce to ina zan zauna alhali kowa na can. Ta miƙo mini kwano da gammo.